Kafin Ka Miƙa Jikinka Ga Likitan Ciwon Daji

Ɗana, matso kusa ka ji. Ranar da aka ga ƙari a jikinka ko a jikin mahaifiyarka, aka fara raɗe-raɗin ciwon daji, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira saratan, zaurenka zai cika da masu shawara. Wannan ya ce akwai wani faki, wato malami mai ba da magani, a ƙauye kaza, wancan ya ce a kira wanzami ya yi sakiya, wani kuma ya san likitan da ke cire ƙari cikin yini guda. Dukansu masoyanka ne. Ka yi musu godiya, sannan ka auna likitan da kanka.

Ma'aunin farko shi ne, likitan kirki ba ya fara magani sai ya san sunan ciwon. Zai sa a ɗebi ɗan nama daga ƙarin, abin da ake ce wa ayyina a asibitocinmu, a kai ɗakin gwaji a duba. Ba kowane ƙari ne daji ba, dajin ma iri-iri ne, kowanne da maganinsa. Daga nan sai a ɗauki hoto a ga inda ya kai, daga mataki na 1 zuwa na 4. Na san wata baiwar Allah a unguwarmu da aka cire wa ƙari a mama a wani ƙaramin asibiti, aka zubar da naman ba a gwada ba. Aka yi ta barka da arziki. Shekara ba ta zagayo ba ciwon ya dawo, kuma babu takarda ko ɗaya da za ta gaya wa likita na gaba abin da aka cire. Duk wanda ya ce zai yanka ka ba tare da ya aika naman gwaji ba, ka ɗauki takalminka.

Na biyu, ka duba ko yana aiki da 'yan'uwansa likitoci. Maganin daji hanya uku ce mafi yawa: tiyata, da kimawi da ake sawa ta jijiya ko a haɗiya, da gashi da na'ura. Kai ɗan manomi ne, ka san ruwan da ke fitowa daga madatsar Makwar tun 1925 ba ya shiga hawasha, wato gonakin ban-ruwa, sai bisa tsari, kowace gona da ranarta. Haka maganin nan yake. Wani majinyacin sai an fara masa kimawi ƙarin ya motse sannan a yi tiyata, wani kuwa tiyata ce a gaba. Likitan fiɗa da na kimawi da na gashi su ne za su haɗa kai su tsara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, ka san inda ƙwararrun suke. A Khartum akwai asibitin da jama'a ke kira Zarra, wanda aka buɗe a 1967. Kusa da mu kuma, a Wad Madani, akwai cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira, wadda mutanen Sinnar da Mai Wurno da Singa suka daɗe suna zuwa. Sai dai yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa likitoci, ya tsayar da na'urori, har Wad Madani ita ma ya cim mata a Disambar shekarar. Majinyata da yawa sai da suka nufi Marawi can arewa, wasu Masar. Saboda haka kada ka sayar da akuya ka hau mota bisa labarin bara. Ka bincika tukuna: na'urar gashi tana aiki? Akwai maganin? Likitan yana nan? Kuma duk inda za ka, takardun gwaji da hotuna su kasance a jakarka, ka adana su kamar takardar gona.

Idan ka zauna gabansa, ka buɗe baki. Mene ne sunan ciwon? Wane mataki ya kai? Maganin nan don warkewa ne ko don rage zafi? Wata nawa zai ɗauka, nawa zai ci? Likitan da ya amsa maka da haƙuri, ya kuma yarda ka nuna wa wani likitan takardunka, shi ne abin riƙo. Wanda ya buga ƙirji ya ce warkewa tabbas ce muddin ka biya yau, ka ji tsoronsa, ko da farar riga ya sa ko da rawani.

Ke kuma 'yata, dajin mama shi ne ya fi kama mata a Sudan, kuma da yawa ba sa isa asibiti sai ya yi nisa. Kunya ce ke jawo haka, da tsoron wuƙa. Akwai likitoci mata, ki nemi ɗaya. Ku kuma maza, ku raka su, ku biya kuɗin mota.

Ban hana ku addu'a ba, ban hana rubutun sha ba. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Abin da na hana shi ne a kwashe wata shida ana jiƙe-jiƙe ciwo yana cin jiki. Duk wanda ya ji ƙari a jikinsa yau, kada ya bari sati biyu su wuce bai ga likita ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.