Tsohon Soja Ya Kwanta Dama: Me Ya Rage a Wuyan 'Ya'yansa?

 

Ya ku samari, 'yan'uwana a Musulunci, da yawanku kun raka dattijon nan mai walda na Gyadi-Gyadi zuwa maƙabartar Tarauni. Ba zan kama sunansa ba, domin maganar ba ta gida ɗaya ba ce.

Shi dai yana cikin samarin da suka shiga soja a 1967, sa'ad da yaƙin basasa ya ɓarke. Kafin yaƙin, sojan Nijeriya duka wajen dubu 10 ne. Ran da aka ajiye makamai, watau 15 ga Janairu 1970, sun doshi dubu 250. Kada wani ya raina kaki: Shaikh Isma'ila Idris, wanda ya kafa Izala a Jos a 1978, limamin soja ne kafin nan. To, da aka shiga rage sojoji, waɗansu suka dawo suka zauna gindin bishiya suna ba da labarin Inugu da Fatakwal. Shi kuwa sai ya sayi injin walda da ɗan kuɗin sallamarsa, ya kafa rumfa bakin Titin Zariya. Tartsatsin wuta ya ci masa ido, amma da rumfar nan ya aurar da 'ya'yansa mata, ya sa maza a makaranta.

Ai yana da magabaci. Annabi Dawuda, wanda ya kashe Jaluta a fagen fama, shi ne Allah Ya tausasa wa ƙarfe yana ƙera sulke, kuma Bukhari ya ruwaito cewa daga aikin hannunsa yake ci. Kai da ka gama karatu kana majalisa tun hantsi, kana jin kunyar baƙin mai a riga, wa ka fi?

Yanzu fa an fara haɗa kuɗin sadakar arba'in: hayar rumfa da kujeru, buhunan shinkafa, waina. Jama'a, ina dalili? Aya ce ko hadisi? Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalibi ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, umarni Manzon Allah ya bayar a dafa wa iyalinsa abinci, don baƙin ciki ya shagaltar da su. Mu kuwa mun juya abin, marayu ke ciyar da unguwa. Kuma da kuɗin wa? Da dukiyar gadon da ba a raba ba, alhali cikin magada har da yaran da ba su balaga ba.

In ubanka ne, buɗe littafin rumfarsa tukuna. Mai sana'a ba ya rasa kuɗin kafin alƙalami na ƙofar da bai gama ba, ko ragowar kuɗin ƙarfen da ya ɗauko a Ƙofar Ruwa. Muslim ya ruwaito cewa shahidi ma ana gafarta masa kome banda bashi. Shahidi fa! Balle wanda ya cika a kan shimfiɗarsa. A Suratun Nisa'i kuwa, ba a rabon gado sai an fid da bashi da wasiyya. Sa'an nan a ba kowa rabonsa, mata su sami tumuninsu, kada a bar gida shekara ashirin ba rabo wai ana jin nauyi, har 'yan uba su kai juna gaban alƙali.

Mahaifiyarka tana takaba wata huɗu da kwana goma. Cefanenta yana wuyanka. Yaran rumfar kuma suna nan zaune bakin ƙofa, sun san aikin, makulli kawai suke jira.

Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa. Amin.