Sassauci Ga Direban Da Aka Kama A Buge

A Jihar Karolina ta Arewa, a ƙasar Amurka, wanda kotu ta samu da laifin tuƙi cikin maye a karo na farko akan karɓe lasinsa har shekara guda. Amma alƙali yana da ikon ba shi takardar izini mai iyaka, watau ya je wurin aiki, ko makaranta, ko neman magani, ko hidimar gida, galibi daga ƙarfe 6 na safe zuwa 8 na dare, Litinin zuwa Jumma'a. Shin wannan adalci ne, ko kuwa ɗaure wa mai laifi gindi?

Shan giya dai haramun ne, kuma haddinsa a mazhabar Malik bulala tamanin ne. Karɓe lasin kuwa wani abu ne dabam. Yana cikin babin ta'aziri, wato horon da aka bar wa mai iko ya auna gwargwadon maslaha, ya tsananta ko ya sassauta. Dalilin sassauci a nan ba ɓoyayye ba ne. A yawancin garuruwan Amurka motocin haya ba su wadata ba, wanda aka hana tuƙi sau da yawa aikinsa ne zai tafi, sa'an nan yunwa ta faɗa wa mata da 'ya'yan da ba su kurɓi kome ba. Musulunci bai yarda a ɗora wa wani nauyin laifin wani ba. Shi kansa mashayin ba a yanke masa ƙauna, gama Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a la'anci wani sahabi da aka sha kawowa saboda giya.

Sai dai akwai wanda ba ya cikin kotun, shi ne mai tafiya a gefen titi. Alƙalin da ya mayar wa mashayi makulli da ran wannan mutum ya yi kyauta, alhali kuwa ba a tambaye shi ba. Haƙƙin Allah tuba na kankare shi, amma haƙƙin bawa ba mai yafe shi sai mai shi. Don haka malamai suka ce larura ana auna ta ne daidai girmanta. Wanda aka yi wa rangwame domin neman abinci, in ya bi da motar gidan biki ya ci amana, ko da bai taɓa kwalba ba.

Har ila yau, alkawarin baka ba ya isa daga mutumin da giya ta riga ta rinjaya. Shi ya sa a waccan jiha wanda awon giyar jininsa ya kai 0.15, kusan ninki biyu na 0.08 da doka ta ƙayyade, sai an ɗaura wa motarsa wata na'ura da zai hura, in ta ji giya a numfashinsa inji ba zai tashi ba. Jihar New Mexico ta wuce nan tun 2005, ta wajabta na'urar a kan duk wanda aka samu da laifin, har mai karo na farko.