Maroƙi Ko Dillali? Tsokaci A Kan Manufar Shirin Kasuwanci Na Fodkas

Gabatarwa

A hutun da ya gabata wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake sana'ar sayar da atamfa da shadda, ya kawo mini ziyara. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, suna na zo nema. Ina so in fara shirin fodkas a kan kasuwanci, na sayi makirufo, na tanadi ɗaki, suna kawai ya rage." Na tambaye shi manufar shirin. Ya ce ilimantar da matasa. Can kuma ya ce yana so shagonsa ya ƙara samun masu ciniki. Da muka jima sai ya ƙara da cewa ya ji ana samun kuɗin talla. Na ce masa, "Ɗana, ai jarirai uku ka kawo mini, kana neman suna ɗaya."

Wannan zance shi ne mafarin wannan maƙala. Tambayar da take son amsawa ita ce: shin fayyace manufa dabarar kasuwanci ce kurum, ko kuwa haƙƙi ne da ya rataya a wuyan duk wanda zai yi wa jama'a magana a kan dukiyarsu?

Mene Ne Fodkas?

Fodkas shirin magana ne da ake ɗauka a ɗora a intanet, mai sauraro ya ji shi a wayarsa lokacin da ya ga dama. Kalmar ta fara bayyana a jaridar Guardian ta Ingila a shekarar 2004, sannan a 2005 kamfanin Apple ya shigar da irin waɗannan shirye-shirye cikin manhajarsa ta iTunes. Ga Bahaushe, wanda ya shaƙu da rediyo tun kafin a buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957, abin ba baƙo ba ne a kunne. Sai dai akwai bambanci muhimmi. A gidan rediyo akwai edita, akwai sashen talla dabam, akwai kuma hukumar da ke ba da lasisi. A fodkas kuwa, sau da yawa mutum ɗaya ne mai gabatarwa, shi ne edita, shi ne kuma mai karɓar kuɗin talla. Idan babu mai ce masa bari, to me zai tsawata masa? Babu abin da ya rage sai manufar da ya gindaya wa kansa.

Tsakanin Buri Da Manufa

Ya kamata mu bambance waɗannan kalmomi biyu. Buri shi ne abin da mutum yake so ya samu: suna, masu ciniki, kuɗi. Manufa kuwa alkawari ce game da abin da mai sauraro zai samu. Buri ba laifi ba ne, amma ba ya iya yin jagora, domin duk hanyar da ta kai ga riba daidai ce a wurinsa. Manufa ita ce mai cewa a'a. Alamar da ake gane ta da ita ke nan: idan abin da mutum ya kira manufarsa bai taɓa sa shi ya mayar da baƙo ko ya ƙi kuɗi ba, to ado ne kawai.

A kasuwarmu ta gargajiya akwai mutum biyu da suke cin abinci da baki, wato maroƙi da dillali. Maroƙi yana wasa wanda ya ba shi, kuma ba ya yaudarar kowa, tun da duk mai jin sa ya san kirarin biya ne. Dillali yana karɓar la'ada, amma jarinsa shi ne gaskiyar maganarsa. Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda fataucin shanu da goro ya ginu a kan bashi da amana, inda maigida ke tsaya wa baƙon falke, yana lamunce masa kuɗinsa idan mai saye ya gaza biya. Ke nan a wannan tsari, wanda ya ce "wane mutumin kirki ne" ya ɗauki nauyin abin da ya faɗa. Haɗarin da ke cikin shirin da ba shi da manufa shi ne maroƙi ya sa rigar dillali: yana yabon wanda ya biya shi, mai sauraro kuwa yana zaton shawara ake ba shi.

Misalai Biyu Da Izina Ɗaya

Shirin Planet Money na gidan rediyon NPR a Amurka ya fara ne a 2008, lokacin da tattalin arzikin duniya ya shiga ruɗani, da manufar bayyana wa mutumin da ba masani ba yadda harkar kuɗi take gudana. Saboda wannan manufa ne a 2013 masu shirin suka sa aka ɗinka musu riga, suka bi sawunta tun daga gonar auduga a Amurka, zuwa masana'antar zare a Indonesiya, har ɗakunan ɗinki a Bangaladash da Kolombiya. Manufa ce ta zaɓa musu labari.

Misali na biyu shi ne StartUp, wanda Alex Blumberg ya fara a 2014 domin ya nuna gaskiyar wahalar kafa kamfani. A kashi na farko ya sa wa jama'a muryarsa yana in'ina a gaban attajirin da yake neman jari a wurinsa. Ya kuma ware wa talla wani kiɗa na musamman, don kada a cakuɗa ta da labari. Da suka yi kuskuren sa muryar wani yaro a talla ba tare da mahaifiyarsa ta fahimci cewa talla ce ba, sai suka yi kashi guda suna bayyana laifinsu. Wannan gaskiya ba ta hana riba ba, domin a 2019 Spotify ya sayi kamfanin nasa, Gimlet.

Izinar kuwa ita ce kamfanin kuɗin intanet na FTX, wanda ya durƙushe a watan Nuwamba na 2022. Kafin faɗuwarsa ya biya masu shirye-shiryen harkar kuɗi da dama suna tallata shi, daga baya wasunsu suka fito suna neman gafarar mabiyansu. Mu ma a ƙasar nan mun ga MMM a 2016 da CBEX a 2025, inda jama'a suka zuba kuɗi bisa shaidar bakin waɗanda suka yarda da su. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda bai yanke tun farko ladan wa zai ƙi ci ba, zai tsinci kansa riƙe da aska.

Wata Suka Da Amsarta

Mai karatu yana iya cewa, to ai ɗan kasuwa ba malami ba ne, don me za a ɗora masa nauyin wa'azi? Amsa ita ce ba a hana shi neman riba ba. Idan manufarsa tallar shagonsa ce, ya faɗa a fili, ya zama maroƙin kansa, kuma babu aibi a ciki. Abin ƙi shi ne ɓoye wadda ake yi wa aiki.

Wani kuma zai ce manufa tana ɗaure mutum, alhali kasuwa kullum sauyawa take yi. Gaskiya ne manufa tana iya sauyawa, amma a sanar da mai sauraro, domin da shi aka ƙulla alkawarin. Mai tumatir a kasuwar Mile 12 da ya ba ka rabin sa'a daga lokacinsa, ya cancanci ya san ko har yanzu dominsa kake magana.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa fayyace manufa ya wuce dabara, amana ce, tun da magana zarar bunu ce, kuma maganar kuɗi tana iya cinye jarin marayu. Kafin ɗalibin nawa ya tafi na ba shi tambayoyi uku, na ce ya rubuta amsarsu a takarda: Da wa nake magana? Me zai iya yi bayan ya saurare ni wanda a da bai iya ba? Kuɗin wa ba zan karɓa ba ko da ina cikin matsi? Ya dube ni ya ce, "Malam, ta ukun nan tana da wuya." Na ce masa idan ya amsa ta ya dawo, a ranar za mu raɗa wa jariri suna.