Gwaggo Ta Je Gidan Bori: Laifin Wa?

 Yau ina so mu tattauna wani al'amari da kusan kowace daga cikinmu ta san da shi, amma ba mu cika son a ɗaga murya a kansa ba. Ni dai ban kai shekarun da zan yi magana a kansu ba, don haka iyaye ku yi mini afuwa, abin da idona ya gani ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ina da wata gwaggo, ƙanwar mahaifina, tana aure a wani ƙauye tsakanin Kankiya da Kusada. Mace ce mai salla a kan lokaci, mai azumin Litinin da Alhamis, haihuwarta goma, bakwai na raye. Da ta doshi shekara 48 sai al'adarta ta fara yi mata wasa, ta yi wata biyu ba ta gani ba, ran da ta zo kuma ta zo kamar da bakin ƙwarya. Cikin tsakiyar hunturu, kowa na ƙudundune, ita sai wani zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, ta yaye bargo, zufa ta jiƙa ta sharkaf. Ga faɗuwar gaba, ga rashin barci, ga kuka ba dalili, abu kaɗan ta hau faɗa. Maigidanta, wanda a lokacin yake shirin ƙara aure, ya ce ba komai ba ne illa baƙin kishi. Sau uku tana aikawa kemis, sau uku ana aiko mata da maganin zazzaɓin cizon sauro.

Daga ƙarshe wata maƙwabciyarta ta ja ta zuwa wurin wata 'yar bori. Can aka ce mata Doguwa ce ta shafe ta, wai ta bi ta gindin tsamiya da almuru. Aka yanka mata baƙar akuya da baƙin zane da turare. Gwaggo ta sayar da tunkiyarta ta kai.

Da labari ya iso mini, ko mayafi ban gyara da kyau ba na hau mota. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, na zauna na zazzage mata duk abin da na sani a kan shirka. Ba ta katse ni ba har na gaji don kaina. Sannan ta ce, "Ɗiyata, duk abin da kika faɗi gaskiya ne. Amma wata bakwai ina cikin wannan hali, ke da karatun naki kin taɓa tambayata mi ke damuna? Ita matar da kike zagi, tun hantsi har azahar ta zauna tana saurarena."

Wallahi na rasa abin cewa. Tun daga ranar nake juya tambayar nan a raina: macen da ciwo ya kai ta gidan bori, mai laifi ce, ko kuwa wadda aka yi wa laifi?

Mu fara da abin da babu ja a cikinsa. Bori daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa, ya girmi jihadin 1804 nesa ba kusa ba. Masu shi sun ce iskoki na da birninsu, Jangare, da sarakuna da fadawa, irin su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Kuturu da Malam Alhaji da Inna. Wanda aka ce sun taɓa, akan yi masa girka, a yi kwanaki ana ba shi jiƙe-jiƙe ana kaɗa garaya ko goge, har iskan ya hau kansa ya faɗi abin da yake so, daga nan ya zama dokinsa, mace kuma godiyarsa. Kowane iska da irin dabbar da ake yanka masa. To, 'yan uwa, yanka ibada ne, kuma ibada ta Allah ce Shi kaɗai. A Suratul Jinni, aya ta 6, Allah Ya ba mu labarin mutanen da suke neman tsari wurin aljanu, abin bai ƙara musu komai ba sai wahala. Imam Muslim kuma ya ruwaito gargaɗin cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, sallarsa ta kwana 40 ba a karɓa. Tausayin da nake wa gwaggo ba zai goge wannan ba, ita ma ba ta ce ya goge ba.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani Bature, Tremearne, ya rubuta littafi a kan bori tun 1914, har a Tunis da Tarabulus ya tarar da Hausawa suna yinsa. Malaman jihadi sun yaƙe shi, malaman bayansu sun yi ta wa'azi a kansa, aka zo aka ƙaddamar da Shari'a a Jihar Katsina a 2000, wasan fili ya ja baya, amma bai mutu ba, ƙuryar ɗaki ya koma. Abin da aka haura shekara 200 ana sara bai faɗi ba, ya kamata mu duba mu ga ta ina saiwarsa ke shan ruwa.

Ni a ganina abu uku gidan bori ya ba gwaggo waɗanda mu muka hana ta. Na farko, ya raɗa wa ciwonta suna. Ciwon da ba shi da suna ya fi kowane ciwo firgitarwa, domin mai shi har tunanin hauka take yi. Na biyu, ya ba ta kunne. Na uku, ya mayar da ita abar kulawa: matar da shekara 30 tana yi wa kowa hidima, ranar nan ita aka zaunar, ita aka shafa wa turare, kuma ba a ce mata kishi ne ba. Sunan da aka ba ciwon ƙarya ne, amma ƙishirwar da ta kai ta can gaskiya ce. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Alhali kuwa ciwon nan yana da suna na gaskiya, wato ɗaukewar al'ada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata sukan kai wannan mataki tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma akan tabbatar da shi idan mace ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba. Kafin nan ƙwayayen haihuwa sukan rage fitar da wani sinadari da ake kira istirojin, raguwarsa ce ke kawo tasowar zafi da zufar dare da bugun zuciya da ciwon gaɓoɓi da saurin fushi da bushewar gaba. Ba jifa ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma Doguwa ba ce. Alƙur'ani da kansa ya ambaci matan da suka yanke tsammani daga haila a Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 4, ya kuma yi maganar tsofaffin mata da ladabi a Suratun Nur aya ta 60. Allah bai ji kunyar ambaton wannan zango na rayuwarmu ba, mu ne muka ji.

A nan ne nake tuhumar kaina da 'yan uwana malaman Islamiyya. Muna karantar da babin haila a Ahalari da Risala, mu yi wa 'yan mata bayanin farkonta dalla-dalla, amma ƙarshenta sai mu tsallake. Uwa 'yar shekara 50 na zaune a ajin matan aure, jini ya rikice mata, ba ta san ko ta yi salla ko ta bari ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta tambayi malamar da ta haifi kamarta ba. Idan ba mu muka buɗe mata ƙofar ba, wa zai buɗe?

Wata za ta ce, "To ai Malama, wance ta je kuma ta samu sauƙi." Ban musa ba. Sai dai alamomin nan dama tafiya suke suna dawowa, wani watan su lafa ko an sha magani ko ba a sha ba, kuma duk wadda aka saurara hankalinta kan kwanta. Idan lafawar ta dace da yanka, sai a ce aikin iska ne, idan ciwon ya dawo, a ce ba a cika alkawari ba, a kawo wata akuyar. Ko ta ina mai bori bai faɗi ba. Sannan ko da an ce akwai amfani, amfani kaɗai ba ya halatta abu. Giya ma Allah Ya ce akwai wani amfani a cikinta, amma zunubinta ya fi girma. Lafiya babbar ni'ima ce, amma jikin da ake nema wa ita ƙasa zai koma, imanin da aka bayar a musaya kuwa shi ne guzurin can. Ku tuna baƙar matar nan mai farfaɗiya da Ibn Abbas ya nuna wa almajirinsa ya ce 'yar Aljanna ce. Ita ma ciwo ya dame ta, amma wurin Manzon Allah (SAW) ta kai kukanta, kuma shi bai kore ta ba, ya saurare ta, ya ba ta zaɓi, ya yi mata addu'a.

Wata kuma za ta ce, "Shin aljanu ƙarya ne?" A'a, akwai su, kuma ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata halal ce. Amma mu yi hattara, akwai masu kiran kansu masu ruƙiyya da ba su bambanta da 'yan bori ba sai a sutura: kowace mace ta zo aljani ne, a yi ta hira da shi, a yi ta bulala, a yanka kuɗi. Wannan ma zalunci ne. Mafi alheri mace ta riƙe azkar ɗinta na safe da maraice, ta tofa wa kanta Falaƙi da Nasi.

Haka nan kada mu haɗa bori da maganin itatuwa mu yi musu kuɗin goro. Neman magani umarni ne, kuma Bukhari ya ruwaito cewa babu cutar da Allah Ya saukar face Ya saukar da maganinta. Zuma da habbatus sauda an yabe su. Zogale da rama da kuka da wake da awara da kindirmo da furar gero duk abinci ne masu gina jiki, kuma nono na taimakon ƙashi, wanda kan yi rauni a waɗannan shekaru. Zoɓo marar sukari yakan ɗan sassauta hawan jini, ko da yake bai maye gurbin maganin likita ba. A rage gishiri da ɗanɗano da kanwa, a riƙa taka ƙafa, a sa tufa marar nauyi da dare. Ma'aunin mai sauƙi ne: in an ce ki sha saiwa don Allah Ya sa waraka a cikinta, magani ne, in an ce sai an yanka wa wani, ko a haƙa ta da kiran sunan wani iska, to ki kama gabanki. Su ma jarkokin haɗe-haɗe da ake talla da lasifika ranar kasuwa, marasa awo marasa lambar NAFDAC, a guje su, ƙoda ba ta da sauyi a kanti. Abu guda kuma da ba a jira da shi: macen da al'adarta ta ɗauke shekara guda sannan ta ga jini, ta tafi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba, domin yana iya zama alamar ciwon dajin mahaifa, wanda ganowa da wuri ke sa a shawo kansa.

Hanyar gyara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tarar da matan karkara cikin bori tsundum. Ba ta tsaya ga la'anta ba, sai ta kafa 'Yan Taru, ta zaɓi dattawan mata ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa, suna zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma ƙauyuka su koyar, suna duba marar lafiya suna taimakon mai haihuwa. Ku lura, matan da suka manyanta ta ɗora a gaba, wato daidai waɗanda mu a yau muke cewa sun gama amfani. Ta gane cewa ba a raba mutum da rijiyarsa sai an haƙa masa wadda ta fi ta.

Saboda haka amsata ita ce: gwaggo ta yi laifi, tubanta kuma tsakaninta ne da Ubangijinta, Shi kuwa Mai karɓar tuba ne. Amma maigidan da ya kira ciwonta kishi, da 'ya'yan da suka ce Inna ta cika faɗa, da ni da na zo da wa'azi ban zo da tambaya ba, kowannenmu na da nasa kason da zai amsa. Hana mummuna wajibi ne, sai dai wanda ya ga ɗan uwansa na gangarawa rami wata bakwai bai miƙa hannu ba, bai kamata ya fi kowa ɗaga murya ranar da ya faɗa ba.

Mako biyu bayan wannan zama na raka ta babban asibitin Kankiya. Aka auna ta, ashe har da hawan jini, wanda shi ke sa ta ciwon kai. Wata ma'aikaciyar jinya, sa'arta, ta yi mata bayani, ta ce ita ma tana cikin halin. Gwaggo ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Tunkiya dai ta tafi, zufar dare ma ba ta daina gaba ɗaya ba, amma yanzu in ta taso takan tashi ta yi alwala ta yi nafila, ta san ba kowa a ɗakin sai ita da Mahaliccinta.

Ina roƙon kowace mai karatu, cikin wannan mako ki je ki zauna da mahaifiyarki ko gwaggonki ko uwar mijinki, ki tambaye ta yaya jikinta, sannan ki yi shiru ki saurara. Malamai mata kuma mu ware zama na musamman ga iyayenmu, mu gayyato ma'aikaciyar lafiya ta zauna tare da mu. Allah Ya kare mana imaninmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.