MATAMBAYI BA YA ƁATA: KADA MU KASHE TAMBAYA A BAKIN 'YA'YANMU

Karatu: Luka 2:41-52, Joshuwa 4:1-9, Ayuba 38

 

Wata rana da dare a tsakiyar damina, an ɗauke wuta, muna zaune da iyali a baranda muna jiran hadari ya sauko. Walƙiya ta haska, bayan ɗan lokaci aka ji tsawa. Sai autarmu, yarinya 'yar shekara tara, ta ce, "Baba, me ya sa walƙiya take riga tsawa isowa?" Ban gama amsa wannan ba ta jefo wata: "To, me ya sa in muna cikin mota da dare wata yakan riƙa binmu?" Can da muka tashi za mu yi addu'ar kwanciya, sai ta kama hannuna ta ce, "Baba, Allah ne ya yi kome da kome. To, shi wa ya yi shi?"

Kowane gida mai yara ya san irin waɗannan tambayoyi, ya kuma san amsar da muka saba bayarwa: "Ke, kin cika surutu!" ko kuwa, "Ba a tambayar Allah!" Ina so mu dubi Maganar Allah tare, mu ga ko wannan amsa ta yi daidai da nufinsa.

Laifin da na yi

Bari in fara da kaina. Shekaru da dama da suka wuce, ɗan maƙwabcinmu, jariri, ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Dukan ikilisiya ta yi masa addu'a. Da muka dawo daga jana'iza, babban ɗana, lokacin yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ya ce, "Baba, ba mun yi addu'a ba? Me ya sa Allah bai ji ba?" Na daka masa tsawa, na ce kada in sake jin irin wannan magana a bakinsa. Gaskiyar ita ce ban san amsar ba, na kuma ji kunyar ya gane ban sani ba.

Yaron ya yi biyayya. Bai sake tambayata kome game da Allah ba har ya shiga jami'a. Ni kuwa ina murna, ina cewa ɗana ya natsu. Sai da ya dawo hutu wata shekara ya ƙi zuwa sujada, na zaunar da shi, ya ce mini, "Baba, tambayoyin ba su ƙare ba. Wurinka ne kawai na daina kawo su." Ya kai su wurin abokai da littattafai, da mutanen da ba su san Ubangiji ba, su kuwa sun saurare shi da hannu biyu. Mun gode wa Allah da ya komo da shi, amma sai da aka sha hawaye da azumi. Tun daga ranar na gane cewa yaron da aka hana shi tambaya a gida, a waje zai yi ta. A zamanin nan kuwa ba sai ya fita ƙofar gida ba, wayar da ke aljihunsa tana shirye ta amsa masa dare da rana, da gaskiya da ƙarya a haɗe.

Allah ya yi tanadin tambayar yara

Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Kogin Urdun, Ubangiji ya umarci Joshuwa ya zaɓi mutum goma sha biyu, ɗaya daga kowace kabila, su ɗauko duwatsu goma sha biyu daga tsakiyar kogin. An kafa duwatsun a Gilgal. Dalilin da aka bayar shi ne, wata rana yara za su gan su, su nemi sanin ma'anarsu, iyaye kuma su sami ƙofar ba da labarin ikon Allah (Joshuwa 4:6-7, 20-24). Haka yake a kan Idin Ƙetarewa (Fitowa 12:26-27), haka kuma a kan dokoki da farillai (Maimaitawar Shari'a 6:20-25). A dukan wuraren nan uku Allah ya ɗauka cewa yaro zai yi tambaya, ya kuma ɗora wa mahaifi nauyin amsawa. Ashe, tambayar yaro tana cikin hanyoyin da Allah ya shirya domin bangaskiya ta wuce daga tsara zuwa tsara.

Mu dubi Ubangijinmu kansa. Yana ɗan shekara goma sha biyu, iyayensa suka neme shi kwana uku, suka same shi a Haikali zaune a tsakiyar malamai. Luka ya faɗi abu biyu da yake yi: yana sauraro, yana kuma yin tambayoyi (Luka 2:46). Bayan haka ya bi su zuwa Nazarat, yana yi musu biyayya (aya 51). Yaro guda, mara zunubi, ya haɗa tambaya da ladabi. Saboda haka kada mu ce yawan tambaya rashin kunya ne. Hausawa ma sun riga sun faɗa, matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi iri uku

Domin mu san yadda za mu amsa, yana da kyau mu rarrabe tambayoyin.

Na ɗaya, akwai waɗanda Allah ya ajiye amsarsu a cikin halitta. Tambayar walƙiya tana cikinsu. Haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, sauti kuwa wajen mita 340 kawai. Shi ya sa ido yakan riga kunne. In yaro ya ƙirga daƙiƙa uku tsakanin walƙiya da tsawa, to, nisan wurin ya kai kamar kilomita ɗaya. Wata kuma ba binmu yake yi ba. Nisansa da mu ya kai wajen kilomita 384,000, don haka duk gudun motarmu bai isa ya sauya inda muke hango shi ba, alhali itatuwan bakin hanya, da yake suna kusa, sai su riƙa wucewa baya. Manya za su tuna da husufin rana na 29 ga Maris, 2006, sa'ad da inuwar wata ta ratsa Gana, Togo, Benin, Nijeriya da Nijar, gari ya yi duhu da safe. Mutane da yawa sun firgita, alhali masana sun riga sun lissafta ranar da sa'ar tun shekaru kafin ta zo, domin Allahnmu Allah ne mai tsari.

Binciken irin waɗannan abubuwa ba ya rage bangaskiya. Karin Magana 25:2 ta nuna cewa Allah yakan ɓoye al'amari, mutum kuma ya sami daraja ta wurin tono shi. Sulemanu ya yi nazarin itatuwa, dabbobi, tsuntsaye da kifaye (1 Sarakuna 4:33). Agur ya tsaya ya lura da tururuwa, da rema, da fara, da ƙadangare, ya koyi hikima a wurinsu (Karin Magana 30:24-28). Johannes Kepler (1571-1630), Bajamushe, ya fara karatu ne da niyyar zama fasto, amma ya ƙare da gano ƙa'idodi uku na yadda duniyoyi suke kewaya rana, ya kuma ɗauki aikin a matsayin hidima ga Allah. George Washington Carver, baƙar fata ɗan Amurka wanda aka haifa cikin bauta, ya rasu a 1943, ya duƙufa a kan gyaɗa da dankali don ya taimaki talakawan manoma. A 1916 ya wallafa ɗan littafi mai hanyoyi 105 na sarrafa gyaɗa don abinci, ya kuma yi shekaru yana koyar da ɗalibai Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi. Wa ya sani ko yarinyar da muke ce wa ta cika surutu, ita ce likitar da ikilisiya take roƙon Allah ya ba mu?

Na biyu, akwai waɗanda amsarsu tana cikin Maganar Allah. "Wa ya yi Allah?" tambaya ce mai amsa. Duk abin da yake da farko yana bukatar wanda ya fara shi. Allah kuwa ba shi da farko, yana nan tun kafin duwatsu da duniya su kasance (Zabura 90:2). Shi ne ya yi lokaci, don haka ba a auna shi da lokaci. Irin wannan tambaya tana kiran mu mu buɗe Littafi tare da yaran. An yaba wa mutanen Biriya domin ko wa'azin Bulus ma sai da suka riƙa gwada shi da Nassi kowace rana (Ayyukan Manzanni 17:11). Toma ya yi shakka, Yesu kuwa bai kore shi ba. Bayan kwana takwas ya zo ya nuna masa hannuwansa da kuiɓinsa, Toma ya shaida shi Ubangijinsa ne da Allahnsa (Yohanna 20:24-29).

Na uku, akwai waɗanda Allah ya riƙe amsarsu a hannunsa (Maimaitawar Shari'a 29:29). Tambayar ɗana a ranar jana'iza tana cikin waɗannan. Ayuba ya yi irinta. Ya rasa 'ya'ya goma, da dukiya, da lafiya, ya yi ta neman dalili. Da Ubangiji ya yi magana ta cikin guguwa, bai faɗa masa dalilin ba. Sai ya jero masa tambaya bisa tambaya: a kan harsashin duniya, da ruwan sama, da taurarin da muke kira kaza da 'ya'yanta, da abincin hankaka, da haihuwar awakin dutse, da jimina (Ayuba 38-39). Ya nuna masa cewa wanda yake kula da waɗannan duka bai manta da shi ba. Ku lura da ƙarshen labarin. Fushin Allah ya sauka ne a kan Elifaz da abokansa biyu, masu amsa a kan kome, Ayuba mai tambaya kuwa shi aka sa ya yi musu addu'a (Ayuba 42:7-9).

"Ban sani ba" ba abin kunya ba ne

Agustin (354-430), bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi rubutu a kan wata tsohuwar tambaya, wato me Allah yake yi kafin ya halicci sama da ƙasa. Ya ambaci wani da ya amsa da ba'a, wai Allah yana shirya wuta ne domin masu irin wannan bin diddigi. Agustin ya ƙi wannan amsa. A ganinsa, gara mutum ya yarda bai sani ba da ya mai da mai tambaya abin dariya. Da na san haka a ranar jana'izar nan, da na rungumi ɗana na ce, "Ɗana, ni ma ban sani ba, ni ma zuciyata tana ciwo. Amma na san Allah wanda bai hana mana Ɗansa ba. Zo mu kai masa kukanmu." Wannan ya fi tsawar da na daka masa sau dubu.

Gargaɗi

Ba kowace tambaya ce ta neman gaskiya ba. Tambayar da maciji ya yi wa Hawwa'u ta shuka shakka ce (Farawa 3:1). Waɗanda suka tambayi Yesu a kan biyan haraji ga Kaisar tarko suka ɗana masa (Matiyu 22:15-22). Mutanen Atina sun mai da jin sabon abu sana'a, har ba su da lokacin wani abu dabam (Ayyukan Manzanni 17:21). Bulus ya gargaɗi Timoti ya guji gardamar banza mai haifar da faɗa (2 Timoti 2:23). Ga yadda za mu gane bambancin: mai neman gaskiya in ya sami amsa yakan yi aiki da ita, mai neman gardama kuwa tun ba a rufe baki ba ya riga ya shirya wata. Amma mu yi hankali kada mu yi saurin saka 'ya'yanmu cikin rukuni na biyu. Yawancin lokaci yaro yana tambaya ne domin ya amince da mu.

Abin da za mu yi a gida

1. Mu keɓe dare ɗaya a mako, bayan sujadar iyali, kowa ya kawo tambayarsa, babba da yaro. A kafa doka cewa ba a yi wa kowa dariya.

2. In mun san amsa, mu bayar daidai da hankalin yaron. In ba mu sani ba, mu faɗa, mu sa ranar da za mu nemo tare, mu kuma cika alkawari.

3. Mu nemi taimakon fasto, da malamin Makarantar Lahadi, da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da ke cikin ikilisiya. Jiki ɗaya ne, gaɓoɓi da yawa.

4. Mu tambayi matasanmu abin da suke gani da ji a wayoyinsu, cikin natsuwa, ba da sanda a hannu ba.

5. Iyaye mata da kakanni, ku ne yara suka fi zama da ku. Timoti ya gaji bangaskiya ne daga kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki (2 Timoti 1:5).

Ga mai karatu wanda shi kansa yake ɗauke da tambayar da ya kasa faɗa wa kowa, a kan rashin haihuwa, ko rasuwar ƙaunatacce, ko addu'ar da ta daɗe ba amsa: kada ka bar sujada saboda ita. Habakuk ya fara littafinsa da ƙorafi, ya rufe shi da yabo. Ubangijinmu ma ya yi tambaya a kan gicciye (Markus 15:34), rana ta uku kuwa kabari ya zama wofi. Kawo tambayarka wurinsa, ka jira shi.

Addu'a

Ya Uba na sama, mun gode maka domin hankalin da ka ba mu da 'ya'yanmu. Ka gafarta mana inda muka rufe bakin yara saboda girman kai ko tsoro. Ka ba mu haƙurin sauraro, da hikimar amsawa, da tawali'un yarda da abin da ba mu sani ba. Ka komo da 'ya'yanmu da suka yi nisa saboda tambayoyin da ba a amsa musu ba. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Naku cikin hidimarsa,
Edita