Tuwon Kaka a Shekarun Tsoro

Tambayar da nake son in bi diddiginta tana da sauƙin faɗi, amma na daɗe ban ga wanda ya amsa ta har zuciyarsa ta kwanta ba: shin ya dace mutum ya zauna ya ji daɗin tuwon sabon hatsi, alhali sai da ya biya 'yan bindiga kafin su bar shi ya girbe hatsin, kuma maƙwabcinsa da ya kasa biya yana can garin Anka ko Gummi yana gudun hijira? A ƙasar Gwashi da sauran garuruwan Bukkuyum, wannan tambaya a bakin murhu take zaune.

Wanda bai san kaka a yammacin Zamfara ba ba zai gane nauyin maganar ba, don haka bari in fara da ita. Gero ne ke buɗe ƙofa tun damina ba ta gama ɗaukewa ba. Yara su karyo zangarniya ɗanya su gasa tumu, su murje a tafin hannu, su hure ƙaiƙayi. Daga nan sai gyaɗa da wake, sannan dawa da maiwa, waɗanda sai an shiga Nuwamba, hunturu ya fara busowa, ake yankansu. A waɗannan makonni babu mai zaman banza. Maza na yanka suna ɗaura dammuna, yara na roron wake, mata na sussuka da shiƙa da surfe, ana shanya kuɓewa da barkono da soɓorodo a kan rufin ɗaki. Abin mamaki, a daidai lokacin da hannu ya fi ƙarancin sarari ne girki ya fi daɗi. Kabewa ta nuna, sai miyar taushe da yakuwa da gyaɗar da aka daka yanzu-yanzu. Garin sabuwar dawa yana da wani ƙamshi da danƙo wanda na tsohon rumbu ya riga ya rasa. Ana toya hoce a tafi da shi gona, a ci da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a gindin kirya. Ga dafaffiyar gurjiya, ga takanɗa, ga fura da nonon da bai tsinke ba domin har yanzu shanu na samun harawa. Mutumin da ya sha wuyar Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ke amsa kuwwa kuma ana auna gari da tsoro, ba ya buƙatar a koya masa godiya idan aka ajiye masa akushi a watan Nuwamba.

Yanzu wani baƙon sharaɗi ya shiga tsakanin gona da turmi. A ƙauyuka da dama na Anka da Bukkuyum, 'yan bindiga kan yanka wa gari kuɗi kafin shuka, su sake yankawa kafin girbi, wani wurin ma su sa mutane su yi musu aikin gonarsu. Abin da ke bayan ƙin biya kuwa kowa ya gan shi. Daga 4 zuwa 6 ga Janairu 2022, dawa ba ta daɗe da shiga rumbu ba, aka afka wa ƙauyukan waɗannan ƙananan hukumomi biyu. Mazauna suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnatin jiha ta ce 58.

Akwai masu cewa daɗin wannan tuwo haramtacce ne a wajen mai lamiri. Hujjarsu ba ta wasa ba ce. Kuɗin da aka tara aka kai daji ba ya narkewa a can. Yana komawa harsashi da babur da man fetur, kuma harsashin zai sauka a garin da bai iya biya ba. Ke nan zaman lafiyar da gari ɗaya ya saya, wani garin ne ya cika kuɗinsa da jini. Idan haka ne, in ji su, wace irin zuciya ce za ta tsaya neman daddawa mai kyau da man shanu?

Ina girmama wannan magana domin ta tuna mana cewa abinci yana ɗauke da tarihin hanyar da ya biyo. Mu a nan mun koyi haka ta hanya mafi muni. A 2010 aka gano cewa yara na mutuwa a Yargalma ta Bukkuyum da Dareta da Abare ta Anka, daga baya aka ga girman abin a Bagega. Ana kawo dutsen zinari cikin gida, a daka shi, a niƙa shi, wani lokaci a turmi da injin da hatsi ke bi. Ƙurar dalma ta bi ƙasa, ta bi ƙwarya, ta bi hannun yaro zuwa bakinsa. Yara aƙalla 400 suka rasu, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana yi wa dubbai magani. Uwayen nan da ƙauna suka dama kunu. Kyakkyawar niyyar mai girki ba ta wanke abin da ya shiga tukunya ba.

To amma kwatancen yana tsayawa a wani wuri. Dalma tana cikin ƙwayar abincin, tana kashe wanda ya sani da wanda bai sani ba, maganinta a daina ci. Harajin 'yan bindiga kuwa bai taɓa ƙwayar dawa ba. Dawar ta manomi ce, shi ya yi sharar gona, ya yi shuka, ya yi noman fari da maimai. Wanda aka ɗora wa bindiga ya fanshi kayansa bai saci komai ba, kuma shari'a da hankali duk sun bambanta mai zaɓi da wanda aka tilasta. Laifin yana wuyan mai bindiga, sannan yana wuyan hukumar da ke karɓar biyayyar talaka ta kasa tsare masa gona. Idan manomi ya hana kansa gishiri don baƙin ciki, ɗan gudun hijirar da ke kwana a wani kangon gini a Anka bai ƙaru da loma ɗaya ba. Wata goggota, da aka yi irin wannan zance a gabanta tana tuƙin tuwo, ko muciya ba ta ajiye ba ta ce, “Ɗan nan, sun ƙwace mana barci, sun ƙwace shanu. Miyar ma so kuke in miƙa musu?” Na ga hankali a maganarta. Azzalumi yana son mutum ya koma dabba mai neman abin da zai tsayar da rai kawai, matar da ta tsaya ta soya albasa ta gyara miya yadda uwarta ta koya mata ba ta yarda da haka ba tukuna.

Sai dai wanke manomi daga laifin haraji bai sallame shi daga maƙwabci ba, kuma a nan ne na fi jin tsoro, domin ɓarnar da ke faruwa a wannan gefen ba ta da ƙara. Na sha jin magidanci ya ce, “Ai na riga na fitar da nawa, na kai daji.” Yana nufin abin da aka ƙwace ya tsaya a madadin zakka. Ina jin zafinsa, amma ban yarda da lissafinsa ba. Zakkar hatsin da ruwan sama ya shayar ɗaya ce bisa goma, ta noman ban-ruwa mai wahala ɗaya bisa ashirin, idan amfanin ya kai wusuƙi 5, wato sa'i 300. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ƙasar nan ke karantawa a zaure, ko bashi ba ya kayar da zakkar hatsi. Dalilin a fili yake gare ni: wannan kaso tun asali na mai rauni ne. Abin da aka kai daji ya tafi hannun mai ƙarfi. In aka cire shi daga rabon gwauruwa da maraya, to su ne suka biya harajin garin gaba ɗaya, ba tare da an yi shawara da su ba, kuma ba su samu ko dami ɗaya daga gonakin da aka fansa ba.

Na san wannan hukunci yana matsa wa mutumin da aka riga aka matsa. Wanda ya noma dami ɗari aka bar shi da sittin, ga iyali ga baƙin da suka gudo gidansa, ba ni da bakin yi masa wa'azi mai tsawo. Sau da yawa baƙin nan da ke cin tukunyarsa sun riga sun cinye fiye da ushirinsa, malamai su suka san yadda za su lissafa masa. Maganata da wanda rumbunsa ya cika ne, ya kuma sami sabuwar hujjar rufe ƙofa. Hausawa sun ce ci naka in ci nawa ba rowa ba ne, mugun zama ne. A kaka ƙamshin miya ba ya tsayawa a katanga. Shi ya sa kakanninmu suka kafa ciyayya, kwano ya fita wannan gida ya shiga wancan, ta yadda mabuƙaci zai ci ba tare da an kira shi mabuƙaci ba, tunda shi ma ya aiko da ɗan abin da ya dafa, ko da kwaɗon rama ne.

Akwai kuma kala, wadda ba na jin ana ambatonta cikin asarar da aka yi. A da, idan aka kwashe dammuna, tsofaffi mata da yara kan bi gona su tsinci zangarniyar da ta faɗi da waken da aka tsallake, mai gona kuma ya san da su, har yakan sassauta hannu da gangan. Tsohuwa mai himma takan tara abin da zai kai ta tsakiyar rani ba ta roƙi kowa ba. Yau girbi a gonakin nesa sauri-sauri ake yi, a ɗora a amalanke ko babur a baro wurin kafin la'asar, kuma babu mai barin uwarsa ta je kala inda ake sace mutane. Zangarniyar tana nan tana faɗuwa kamar kullum, tsuntsu da gara ke cinye ta. Kason da tsohuwar nan ke samu ba ya cikin zakka, ba ya cikin lissafin kowa, domin ƙafarta ce ke kawo mata shi. Yanzu da ƙafar ta tsaya, sai dai in mai gona ya sa yaransa su yi kalar a ranar girbi, su ɗaura ta dabam, su sauke mata a ƙofar ɗaki a hanyarsu ta zuwa rumbu.