Jinin Mai Keke A Wuyan Wa Yake?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ka san tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka koro ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya buɗe mana ƙofar arziki. Shinkafa, alkama, tumatir, albasa. To, arzikin nan shi ya cika hanyar Kano zuwa Zariya da motoci, kuma a gefen wannan kwalta ne dattijo yake tuƙa kekensa da asuba, fartanya ɗaure a baya, ko kwandon tumatir zai kai Kwanar Gafan. Ba shi da ƙarfe a gabansa, ba shi a bayansa. Jikinsa ne kawai.

Sai ga yaro, jiya jiya yake wanke a-kori-kurar maigidansa, yau an miƙa masa makulli. Ya take mai, ya banke bawan Allah, jama'a su taru su ce kwana ne ya ƙare. Na'am, mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma da ƙaddara tana wanke ganganci, don me Allah ya saukar da hukuncin kisan kuskure? Je ka duba Suratun Nisa'i, aya ta 92. Akwai diyya ga iyalan mamaci, wadda Sunna ta ƙayyade da raƙuma 100. Akwai kuma kaffara: 'yanta bawa mumini, wanda bai samu ba ya yi azumin wata 2 a jere. Ko magada sun yafe diyya, kaffara tana nan a wuyanka. Direbobi nawa ka sani da suka yi wannan azumi? An dai je gaisuwa da goro, shi ke nan.

Wani kuwa laya yake ratayawa a jikin madubi, wai ta tsare shi daga haɗari, alhali birkinsa ba ya ci. Wannan ya haɗa shirka da wauta.

Wata aya kuma, ta 6 a cikin surar nan, ta hana a miƙa wa maraya dukiyarsa sai an jarraba shi an ga hankalinsa ya nuna. Dukiyarsa ce fa, ta gadon ubansa! To ina ga mota, wadda rayukan wasu ne a gabanta? Mutanen Niyu Zilan sun kama wannan hanya tun 1987, suka mai da lasin mataki mataki. Da farko ba ka tuƙi sai da gwani a gefenka. Sannan ka yi tuƙi kai kaɗai, amma ban da tsakar dare, ban da ɗibar abokai. Sai ka daɗe a haka kafin a ba ka cikakke. Mu nan doka ta ce sai ka cika shekara 18, ka fara da takardar koyo, a jarraba ka. Wanda ya ba da na goro aka kawo masa lasin har gida bai taɓa zama jarrabawa ba, ya ba da rashawa, kuma takardar ba za ta tsaya masa ran gobe ba.

Saboda haka in sabon hannu ne kai, ka ɗora wa kanka matakan ko ba wanda ya tilasta ka. Kada ka hau babban titi da dare a shekararka ta farko. Kada ka ɗauki lodi sai da tsohon direba kusa da kai. In ka hango mai keke, sassauta, ka ba shi fili, domin rami kaɗan yana iya karkato shi gabanka. Kai ma maigida mai ba yaro makulli don gudun biyan direba, kana da kaso a cikin alhakin.

Kai kuma mai keke, gyara birkinka, sa fitila, ka bar baƙar riga in za ka fita ban ruwa kafin gari ya waye.

Allah ya tsare hannuwanmu daga jinin bayinsa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.